Ɗakin da Aka Ba Ado a Yamai

Idan ka bi ta Ƙofar Kwaya a Katsina da hantsi za ka ga huluna jere a rana, kowace an kifa ta a kan itacenta tana shan iska. Mai wankin su shi ne Malam Babaji, dogon tsoho wanda sabulu da sitaci suka cinye masa fatar hannu. Yaran unguwa na yanzu sun ɗauka haka Allah ya halicce shi, shiru-shiru. Ba su san a da, in Babaji ya buɗe baki yana ba da labarin ƙasashe, har mai shayi yakan manta da tukunyarsa a kan wuta ba. Abin da suka sani kawai shi ne ba ya kwana a ɗaki mai ƙyaure, a zaure yake shimfiɗa rani da damina. Kuma in barci ya sace shi a rumfa da rana, sai ka ga hannunsa na hagu ya miƙe yana laluben tabarma, yana neman wani a gefensa.

Wanda yake nema sunansa Ado tela. Tare suka tashi, tare suka ci dukan malami guda, shagon Ado kuma yana kallon rumfar Babaji. Gajere ne mai ƙiba, ga dariya kamar ya haɗiyi ganga, kuma bai taɓa gama wa kowa ɗinki a ranar da ya yi alkawari ba.

Su biyun nan Allah ya sa musu ƙaiƙayin ƙafa. Kowace shekara, da an gama hidimar Babbar Sallah, an wanke hular da za a wanke, an ɗinke rigar da za a ɗinke, sai su rufe sana'a su bar ƙasar. Ba fatauci suke zuwa ba, ba neman karatu ba. In an tambaye su sai Ado ya ce ido suke kaiwa kiwo. Guzurinsu soyayyen naman layya a gwangwani, da ƙuli-ƙuli, da buta, da tabarma ɗaya. Su hau bayan motar albasa a Jibiya, sai Maraɗi, sai Damagaram, wata shekara Agadas, wata shekara har Kumasi. Inda rana ta faɗi su nemi zauren Sarkin Hausawa, ko masallacin tasha, ko gidan wani da wani ya ce a gaishe shi. A Yamai kuwa suna da nasu mai masauki, Malam Audu mai goro, wanda har ya ware musu ƙusa a bango ta rataye riga.

Babaji ya raina masu tafiyar otal ƙwarai. Yakan ce mai kuɗi in ya je baƙuwar ƙasa ƙofa yake saye, ya shiga ya rufe, ya dawo gida bai san ko tuwon garin da gishiri ba. Masu ɗan hali, irin malaman makaranta, su haɗu su kama ɗaki guda a kusa da tasha, su kwana suna gardamar wanda ya fi minshari. Shi kam a wurinsa tafiya ita ce ka sauka inda in ka yi tari wani zai ce maka sannu.

Amma tabarma ɗayar nan tana da dalilin da ya wuce talauci, kuma mutum uku ne suka san shi a duniya. Ado yana da farfaɗiya. Ba ta taɓa kama shi a tsaye ko a kan keken ɗinki ba, sai cikin barci, musamman barcin farko bayan gajiyar hanya. In ta zo, abin da ake bukata kaɗan ne: a juya shi ya kwanta ta gefe, a kawar da duk abin da ke kusa da fuskarsa, a riƙe shi har ta sake shi. Ya farka da ciwon kai, ya sha ruwa, ya ci gaba da tsokanar mutane. A gida matarsa Dije ke yin wannan aiki. Shekarar da za su yi tafiyarsu ta farko ta sa aka kira mata Babaji zaure, ta tsaya a bayan labule ta faɗa masa komai.

"Amana ce, Malam Babaji," in ji ta. "Kada ka bari shi kwanta shi kaɗai, ko da na rana ne. Kuma ka san halin mutanen garin nan. Muna da ɗiya mata. In maganar nan ta hita, wa za ya zo neman su?"

Ya karɓi amanar gaba da baya. Shekara ashirin da wani abu yana kwana da hannu ɗaya a kan kafaɗar Ado, har jikinsa ya saba farkawa kafin hankalinsa. Wanda duk ya ji motsi a zauren baƙi ya tambaya, amsar Babaji ɗaya ce: "Lahiyarshi lau, mafarki yake."

Sai soja suka koma bariki, aka yi zaɓe, garin ya cika da fastoci da sababbin manya. Cikin waɗanda abin ya faɗa wa har da Haruna, wanda ya koyi ɗinki a shagon Ado kafin ya shiga siyasa ya zama ɗan majalisa. A faɗi gaskiya, Haruna ɗan halak ne, bai manta da hannun da ya koya masa riƙe almakashi ba. Bayan Babbar Sallar da ta biyo baya ya zo Ƙofar Kwaya da mota mai baƙin gilashi, ya durƙusa ya gaida su, ya ce bana shi zai kai su Yamai su huta irin hutun da ya kamace su. Ado ya kwana yana guga. Babaji ya ɗauko tabarma zai sa a mota, direba ya yi dariya ya ce, "Baba, inda za mu ba a shiga da wannan." Babaji ya mayar da ita zaure, zuciyarsa ba ta so ba.

Sun bar Katsina da asuba, suka isa bayan la'asar, a gajiye liƙis, domin zaman kujera mai taushi ma gajiya ne. Otal ɗin bene ne mai kallon kogi, ƙasansa na sheƙi har Babaji ya rasa inda zai taka. Haruna ya karɓo mabuɗai biyu a kanta, ya miƙa wa kowa ɗaya.

"Alhaji, ɗaki guda ya ishe mu," in ji Babaji. "Mun saba."

"Haba Baba! In kawo ku Yamai in cusa ku ɗaki guda kamar buhunan gero? Mi za a ce da ni a Katsina? Ku huta zuwa magariba, zan je in ga wasu mutane in dawo mu ci abinci."

Babaji ya buɗe baki zai sake magana, Ado ya taka masa ƙafa. Da suka hau sama, a ƙofar ɗakin, Ado ya jawo shi gefe ya yi ƙasa da murya.

"Don Allah kada ka ba ni kunya gaban yaron nan. Abin nan ya kwan biyu bai zo ba. Ni ba barci zan yi ba ma, kogi zan kalla. Tunda uwata ta haihe ni ban taɓa samun ɗaki nawa ni kaɗai ba, Babaji. Bar ni in ɗanɗana."

"To ka bar ƙohwar a buɗe."

"Na bari."

Ya bar ta kuwa. Babaji na juya baya ya ji ta ja kanta a hankali ta ce ƙyat. Irin ƙofar nan ce mai rufe kanta, wadda ba ta buɗuwa ta waje.

Ɗakin Babaji sanyi ƙalau kamar randa. Ya zauna a bakin gado, katifar ta nutse da shi, ya tashi ya koma ƙasa. Ya yi alwala, ya yi salla, ya kasa kunne. A zauren Malam Audu da yanzu yana jin dakan maƙwabta da kukan akuya da numfashin Ado. Nan kuwa ko sauro ba ya ji. Tsoro ya fara taso masa daga ciki, ya fita ba takalmi.

Ya tsaya a ƙofar Ado ya yi sallama. Shiru. Ya sake yi. Wasu Turawa biyu suka wuce suna kallon ƙafafunsa, sai ya ji muryarsa ta ƙanƙance. Ya yi ta uku, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Tun yana yaro aka koya masa in ka yi sallama uku ba a amsa ba ka koma, kuma bai taɓa dukan ƙofar wani da ƙarfi ba a rayuwarsa. Ya kara kunne a jikin katakon. Kamar ya ji wani ɗan ƙara, irin na ƙafar gado tana gogar ƙasa. Ko kuma na'urar sanyi ce. Har yau bai sani ba.

Ya sauka da sauri wurin mutumin da ke bayan kanta, wani saurayi mai ɗaurin wuya, aka yi sa'a yana jin Hausa. Ya roƙe shi a buɗe masa ɗakin abokinsa.

"Ba ma buɗe ɗakin baƙo yana hutawa, Baba, sai in da dalili," in ji saurayin da ladabi. Ya dube shi sosai. "Ko ba shi da lafiya ne?"

A gefen kantar direban Haruna na zaune yana shan lemo, ɗan garinsu ne na Ƙofar 'Yandaka, mai bakin da ba ya riƙe ruwa. Ɗiyar Ado ta ƙarshe, Ummi, an sa ranar aurenta bayan damina. Babaji bai yi tunanin duk wannan daki-daki ba. Bakinsa ne ya riga shi, ya faɗi abin da ya saba faɗi.

"Lahiyarshi lau."

"To ka bar shi ya huta, Baba. Gajiyar hanya ce."

Ya koma sama ya zauna a ƙasa, ya jingina da ƙofar, ya ɗora tafin hannunsa a jikinta. Yana ta gaya wa kansa cewa abin ya kwan biyu bai zo ba. Ya ji kiran magariba daga nesa, bai tashi ba. A nan Haruna ya same shi, ya dubi fuskarsa, ya kwarara wa ma'aikata kira.

Ado na kwance rub da ciki da sabuwar rigarsa, fuskarsa a nutse cikin matashin kai mai taushi, irin wanda bai taɓa kwana a kansa ba. Labulen taga a buɗe yake, ya kalli koginsa. Babaji ya juya shi ya kwantar da shi ta gefe, ya kawar da matashin, ya riƙe kafaɗarsa, duk yadda ya saba. Sai da aka ɓamɓare hannunsa.

Washegari aka yi wa Ado sutura a can Yamai. Malam Audu mai goro ya zo da mutanen unguwarsa, su suka cika sahu. Bayan an watse ya kama hannun Babaji yana hawaye, ba da nufin komai ba ya ce, "Kun shigo gari ba ku sauka wurina ba? Ai na share muku zaure tun kafin Sallah." 

A hanyar dawowa, sun wuce Dosso, Haruna ya juyo daga gaban mota, idonsa jawur.

"Baba, ina roƙon ka abu guda. Kada Inna Dije ta ji yadda aka same shi. Mu ce a hannunka ya cika. Mi za ta ƙaru da shi in ta ji?"

Suna isa gida Haruna ya riga Babaji isar da maganar. Ran sadakar uku Dije ta sa aka kira Babaji zaure, ta tsaya a bayan labule. Ya shiga yana jiran tambaya, ya ma shirya in ta tambaya zai faɗi gaskiya ko me za ta jawo. Ba ta tambaya ba.

"Malam Babaji, ni ba ni da abin da zan biya ka," in ji ta. "Abin da ya hi damuna duk shekarun nan kada ya tahi shi kaɗai, ba mai tuna mashi kalma. Da aka ce mani kana riƙe da shi, wallahi sai na ji sanyi. Allah shi saka maka."

Ya ce amin, don ba a barin addu'a ba amsa.

Daga wannan shekara Babaji bai sake wuce Batagarawa da ke bakin gari ba. An yi auren Ummi lafiya, yanzu 'ya'yanta har sun shiga makaranta, kuma ba wanda ya taɓa jin sunan ciwon kakansu. Haruna ya yi ta aiko masa da kujerar Makka yana mayarwa, har mutane suka fara cewa tsohon yana da girman kai. Matasan da ke shirin zuwa Dubai ko Umara sukan tsaya a rumfarsa karɓar hula, su tsokane shi, su ce tunda an ce shi tsohon matafiyi ne, wane otal ya fi? Ba ya musu wa'azi. Yakan tambaye su dai su nawa za su, in sun ce biyu ya ce su kama ɗaki guda, sai su yi dariya su ce Baba ya cika tsimi.

Dije kuwa ba ta manta ba. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kwanon dambu na isowa rumfar daga gidan Ado, da zogale da man gyaɗa, yadda ta san yana so. Abincin godiya ne, na mutumin da bai bar mijinta ya mutu shi kaɗai ba. Ya yi tunanin ya riƙa bayarwa sadaka, sai ya ga hakan ma wata ƙaryar ce a kan ta farko, kuma takan tambaya ko ya ci. Saboda haka yakan juya wa titi baya, ya buɗe kwanon, ya yi bisimilla. Yana ci yana tsayawa, don ba ya wucewa da sauƙi, har sai ya cinye, ya wanke kwanon da kansa a mayar mata.