Hayaƙin Inna Lubabatu

Shekara huɗu muka yi da Inna Lubabatu muna haya a gida ɗaya a Wara, kuma babu watan da ban kai ƙararta wajen mai gida ba. Ni tela ne, ita kuwa bandar kifi take yi. Sai ka ɗinka wa mutum kaftanin Sallah, ka goge, ka rataye, ya zo karɓa ya sunsuna, ya tambaye ka ko da miya ka haɗa masa.

Ita kuwa ko a jikinta. A wani tsibiri aka haife ta, a gidan masunta, tun tana 'yar shekara bakwai take juya kifi a kan raga. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata biyu suna aure a Yauri, sun yi juyin duniya ta koma wajensu, ta ƙi. Ta ce ba za ta zauna ana ɗiba mata tuwo ba alhali hannunta na motsi. In na fara faɗa, sai ta yi dariya ta miƙo mini tarwaɗa mai zafi. Ina ci, ina ci gaba da faɗana.

A daminar bara, wata Laraba da la'asar, iska ta taso daga wajen tafki ta yaye kwanon gidanmu kamar an ɗage murfin tukunya. Ruwa ya yi kwanaki yana zuba cikin ɗakuna. Bango ya jiƙe, funfuna ta fito kore da baƙa, katifu suka ruɓe. Mai gidan ya zo ya duba, ya ce gyara sai rani. Mu 'yan haya uku, ni da iyalina, da Inna, da Barakatu mai kunu da 'ya'yanta, aka ara mana aji ɗaya a makarantar firamare, da sharaɗin mu tashi kafin a dawo hutu. Kwana goma sha biyu ke nan.

Muka bazama neman ɗaki. Ɗakuna masu kyau an riga an cika su, sauran kuwa funfuna ta riga mu shiga. Inna ta fi mu shan wuya, don duk ƙofar da ta tsaya, da an ji mai banda ce sai a ce babu.

A ƙarshen gari ta samu Asibi, wata manomiya mai ɗaki ɗaya a kulle.

“Ɗaki dai akwai shi, Inna,” in ji Asibi, “amma hunhuna ta canye shi. Ko akuya ba ta kwana ciki.”

Inna ta leƙa, ta shafa bango, ta ce, “Wanga? Ba ni kwana ukku, ɗiyata.”

Ta kankare bangon tas, ta goge da toka, ta jawo murhunta na rabin ganga tsakiyar ɗakin, ta buɗe taga, ta kunna wuta kaɗan kaɗan. A nan ta yi bandarta kwana uku, ta sayar da kifin, da dare tana komawa aji ta kwana. Na je musamman don in yi mata dariya. Na ɗora hannu a bango, na ji shi a bushe ƙayau. Ta ce a tsibirinsu kowa ya san ɗakin da ake banda, rima, wato danshi, ba ta zama cikinsa. Ta shafe shi da farar ƙasa, ta tare.

Ni kuwa har lokacin ban samu komai ba. Saura kwana huɗu, matata ta ɗaure kayanta za ta tafi Shanga da yara wajen iyayenta, ni in riƙa kwana a shago. Gaskiya na ji tsoro, don na san irin wannan tafiya ba ta da ranar dawowa.

Labarin ɗakin Asibi ya zaga gari. Ina zaune wajen Inna sai ga Alhaji Ladan, wanda ya kore ta daga ƙofarsa kwana shida da suka wuce. Ɗakunansa biyar duk sun yi funfuna, ba mai shiga. Ya yi ta kwana kwana kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

Inna ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “Zan zo, Alhaji. Amma ɗakin hwarko na Barakatu ne, na biyu na telan ga.”

Alhaji ya ce shi ba ya son mai yara da yawa, kuma ƙarar keken ɗinki tana hana shi barcin rana.

“To shi ke nan,” in ji ta. “Kihina na jira na.”

Alhaji ya tsaya, ya gyara hula, ya ce a kawo murhun.

Ni da kaina na ɗauki gangar a kai har gidansa, na aro ta biyu don a busar da ɗakunan biyu tare, ni na faskara icen, hayaƙi na shiga idona ina ƙara hura wutar. Ranar Litinin da 'yan makaranta suka dawo, ajinsu a share yake. Na je in yi wa Inna godiya, kafin in fara ta ce in kauce ina tare mata iska. Da na koma sabon ɗakinmu a gidan Alhaji, na tarar matata ta kwance kayan Shanga, tana jera kwanukanta tana yi wa yara tsawa kada su taɓa bango.