Baba Sai-an-auna da Allurar da Ta Wanke Ni

Ranar Talata ce, an kwana ana ruwa, gari ya waye hadari bai gama watsewa ba. Ƙofar garejin duk taɓo, sai an taka tsofaffin tayoyi ake shiga. A ranar na fara tsayawa gaban mutumin da kanikawan layin suke kira Baba Sai-an-auna, wanda ya rufe akwatin kayan aikinsa ƙarshen watan jiya, bayan shekara arba'in da ɗaya.

Duk wanda ya san shi ya san safiyarsa. Ƙarfe bakwai ya buɗe, ya share rumfa, ya cika bokitin yashi saboda gobara, ya jera sifanu a kan buhu daga ƙarami zuwa babba. Sannan ya ciro gejinsa, agogon da ke nuna ƙarfin man da famfo ke tura wa inji, ya goge gilashin da bakin riga. Ko ka rantse ka san ciwon motarka, amsarsa ɗaya ce: sai an auna. Mai facin da ke maƙwabtaka da shi ya ce bai taɓa ganin ya sa an sayi wani abu a kan zato ba.

Ni direba ne. A aji uku na bar makaranta, na taɓa sana'a biyar, ba wadda na shekara a cikinta. Motar wani mai sayar da katako ce ta fara zaunar da ni wuri ɗaya. Sai ta soma shan mai kamar tanki ya huje, salansa na fitar da baƙin hayaƙi. Maigidan bai ga hayaƙin ba, ni ya gani. Ya ce zuƙe man nake ina sayarwa, ya ba ni zuwa Juma'a in ajiye makulli. A sana'armu, wanda aka kora da sunan ɓarawo ba mai sake miƙa masa makulli, kuma maganar ta riga ta kai kunnen mahaifiyata.

"Baba, famfon ne," na ce masa tun kafin in gama gaisuwa.

"Kai da ka sani, ɗana, me ya kawo ka? Buɗe bonet."

Ya zare fiyus ɗin famfo, ya bar injin ya ci man da ke tiyo har ya mutu da kansa. Ya naɗe mahaɗar tiyon da tsumma, ya kwance ta, ya ɗaura gejin, ya ɗaure tam. Da ya mayar da fiyus na tayar, allura ta miƙe ta wuce saba'in.

"Arba'in da uku ne abincinta," in ji shi. "Ɗure ake mata."

Ya nuna mini regileta, wata 'yar na'ura mai sukuru a ka, wadda ke rage ƙarfin man ta mayar da ragowar tanki. Sabuwa ce fil. Ya tambayi wanda ya sa ta, na ce ƙanin maigida ne, shi ma yana taɓa kanikanci. Baba ya zare siririn tiyon iskar da ke jikinta, ya toshe, ya sassauta sukurun zagaye uku. Allura ko gezau. Sai ya shimfiɗa kwali a kan taɓon, dattijo mai furfura, ya shige ƙarƙashin mota yana bin tiyon da ke komawa tanki da yatsa. Can ya kira ni na leƙa. An matse tiyon da ƙarfe, ya lanƙwashe, man ba shi da hanyar komawa.

Na miƙa hannu zan warware, ya buge shi.

"Je ka kira maigidanka."

"Baba, a gyara kawai. Minti biyu ne."

"In na gyara yanzu, mota ta warke, kai ba ka warke ba. Cewa zai yi tsoro ka ji ka daina sata."

Bayan azahar maigidan ya zo, ƙanin nasa na biye. Baba ya tsayar da su gaban gejin, ya sa ƙanin ya shiga ya warware tiyon da hannunsa. Allura ta sauko kamar an sake ta. Baba ya murɗa sukurun a hankali har ta zauna a arba'in da uku, ya ɗaure noti, ya mayar da tiyon iska. Hayaƙin ya soma washewa.

Maigidan ya ja Baba gefe, amma na ji.

"Haba Baba, da ka gyara ka yi shiru. Ka kunyata mini ƙani a gaban direba. Shekara nawa ina kawo maka motoci?"

"Goma sha ɗaya, Allah ya saka da alheri. Amma yaron nan bai sha maka mai ba. Faɗa masa."

Bai faɗa ba. Ya dai zare makulli ya jefo mini, ya ce gobe in yi sammako.

Baba, kai ne ka auna kafin ka yanke, a lokacin da kowa ya gama yanke mini hukunci. Kai ne ka san gyaran mota daban, gyaran suna daban, ka tsaya sai da ka yi duka biyun. Shekara huɗu ke nan ina kan sitiyari, ni da ban iya zama ba, kuma mahaifiyata ba ta sake sunkuyar da kai saboda ni ba. Na gode. Allah ya sa ka huta lafiya, ya ba idanunka da suka raunana sauƙi.

Ku kuma masu riƙe da sifana, da masu riƙe da abincin wasu, ku ɗaura geji tukuna. Ku kuma sani abin ba kyauta ba ne. Ni ban rasa komai ba a ranar. Baba shi ya rasa motoci shida da maigidan ya kwashe zuwa wani gareji, da mutum biyu da ya zuga suka bi shi, da gaisuwar shekara goma sha ɗaya.