Sautun Jar Saiwa daga Kuala Lumpur

Mun tashi da asuba daga Ɗambatta, ni da mai ɗakina, a shekarar da ruwan sama ya rushe katangar makarantarmu ta yaƙi da jahilci muka koma ɗaukar darasi a zauren mai unguwa. A shekarar ce kuma zuciyata ta buga ina kan keken ɗinki. Na yi kwana tara a asibiti, aka sallamo ni da ƙwayoyi iri huɗu, ciki har da mai tsinka jini. Babban ɗana da gwamnati ta tura karatu Maleshiya shi ya aiko da tikiti, ya ce mu zo mu ga jikanmu, likitocin can kuma su duba ni.

Kafin mota ta cika, Malam Iro ya iso tasha. Benci ɗaya muke zama a aji, ciwonmu ma ɗaya ne, nasa ya riga nawa da shekara biyu. Ya ji cewa ɗana yana binciken maganin zuciya daga itatuwan 'yan Caina.

"Sautu ɗaya na ba ka, Tela," in ji shi. "Ban da hula, ban da turare. Maganin nan kawai. Ƙwayoyin asibiti sun ishe ni, har na fara tsallake kwana."

Na ce masa in Allah ya yarda.

Daga Kano jirgi ya yada zango a Addis Ababa, sannan muka miƙa. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Kuala Lumpur gari ne mai gumi. Ko a tsaye kake kana zufa, kusan kullum kuma da la'asar sai an yi ruwa. Tituna hawa-hawa, wani bisa wani, ban ga rami ko ɗaya ba tun daga filin jirgi har Taman Melati inda ɗana yake haya a bene na tara. Jirgin ƙasan unguwar a sama yake tafiya, ba shi da direba. Mai ɗakina ta ƙi shigarsa sai a kwana na uku.

Abincinsu shinkafa ce safe da rana, da man kwakwa da yaji mai zaƙi-zaƙi. A shagunan Indiyawa Musulmi da suke kira mamak, shayi da madara ringit biyu ne a kuɗinsu, ana zuba shi daga kofi zuwa kofi kamar yadda masu shayinmu suke yi, sai dai nasu hannun ya fi nisa. Yaranmu na Arewa suna da yawa a unguwar. Hausarsu rabi Turanci ce, suna ƙare magana da "lah". Abin da ya faranta mini rai shi ne rubutun Malay da baƙaƙen boko ake yin sa, don haka nakan tsaya in haɗa abin da ke jikin allunan shaguna, ko da ban san ma'anarsa ba.

A mako na biyu ɗana ya kai ni ɗakin bincikensu. Aka sa mini farar riga. Na ga fararen ɓeraye a cikin akwatuna, kowanne da lambarsa. Ya nuna mini wata jar saiwa a kwalba, siririya, busasshiya. Ya ce 'yan Caina sun daɗe suna amfani da ita. Su kuma suna tatso wani sinadari daga cikinta, suna gwadawa ko zai rage lalacewar naman zuciya bayan ta buga.

"To yana yi?"

"A ɓeraye ana ganin alama, Baba. A mutum da saura. Shekaru ne a gaba."

Ban yi masa musu ba. Na dai ce a raina Malam Iro ba shi da shekarun nan. Da ya fita amsa waya, na ciro littafina na aji na kwafe rubutun Caina da ke jikin kwalbar, zane bayan zane, kamar yadda malamarmu ta koya mana kwafar baƙi.

Ranar Asabar muka je ziyara unguwar Cheras wurin wani abokin ɗana. Mata suka shiga ciki, maza suka kama hirar ƙwallo, ni na ce zan taka ƙafa kamar yadda likita ya umarta. A bakin kasuwa na samu shagon magani, bangonsa duk ƙananan durowoyi ne, ƙamshinsa kamar layin 'yan magani na Kurmi. Na miƙa wa tsohuwar da ke ciki littafin. Ta yi dariya, ta ɗauki biro ta ƙara zane ɗaya da na manta, ta auno mini saiwar a ɗan sikeli. Ta yi dogon bayani tana nuna ƙirjina. Ban ji ko kalma ɗaya ba, na yi ta gyaɗa kai.

A gidanmu ba a kai wa mutum maganin da ba a ɗanɗana ba. Ko mai tallar magani a kasuwa sai ya kurɓa a gabanka kafin ka saya. Don haka na ce in fara da kaina. Na yi yadda muke yin jiƙo: cikin hannu ɗaya a fulas ɗin surukata, ruwan zafi, a bari ya kwana. Mu a wurinmu in jiƙo ya yi duhu shi ne ya yi kyau. Na riƙa shan kofi safe da yamma, ina kuma shan ƙwayoyina. Mai ɗakina ta ga launin ta ɗauka zoɓo ne, har ta yi mitar na hana ta.

A kwana na shida da safe ina goga aswaki, na ga jini. Na kurkure baki, ya ƙi tsayawa. Ina ɗaura agogo sai haɓo ya ɓalle a kan farar rigata ta Juma'a. A damtsena kuma ga wasu baƙaƙen tabo, alhali ban bugu da komai ba. Mai ɗakina ce ta ɗauko fulas ɗin ta buɗe a gaban ɗana. Ya leƙa ciki, ya dube ni, ya sa ni a mota sai asibiti.

"Baba, ɓerayen nan awo muke yi musu, abin da bai kai ƙwayar gero ba. Kai ka sha rabin kilo."

"Bai kai rabi ba."

"Allah ya huci zuciyarka, ko kwata ne ya yi yawa."

Likitar da ta duba ni ta ce saiwar ma tana tsinka jini, na haɗa ta da ƙwayar da ke aiki iri ɗaya, jinin ya kasa daskarewa. Da a cikin kai ya ɓalle, in ji ta, da labarin ya canja. Kwana uku na yi a kwance. Daga kan gadon na kira Malam Iro na faɗa masa komai, na roƙe shi ya koma kan ƙwayoyinsa.

"Ka dai taho da ita," in ji shi. "Kai dama jikinka ba ƙwari."

Ɗana ya mayar da sauran saiwar ɗakin bincikensu. Kafin mu taso na samu wuni ɗaya a Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin 'yan yadi. Yadinsu mai laushi ne, bai kai shaddarmu jiki ba. Na yanko yadi biyar saboda Malam Iro.

Mun sauka Kano ranar Talata, muka isa gida bayan la'asar. Washegari Malam Iro ya zo yi mini sannu da zuwa. Wata guda na hutu, ba ɗinki ba tuwon dare, ya sa na yi haske, tumbina ya ragu. Ya daɗe yana kallona.

"Ka ce maganin bai yi ba, ga shi ka dawo kamar ango."

Na rantse masa. Na nuna masa takardar asibiti, na karanta masa abin da na iya. Ya ce wanda ya haye ba ya waiwayen na baya, ya tashi ya bar yadin a kan tabarma. Iyalinsa sun ce yana shan ƙwayoyin wata rana, wata rana ya ƙi.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne: abin da ake gwadawa a ɓera bai zama magani ba tukuna, kuma ba kowace saiwa ake aunawa da cikin hannu ba. Abin da na rasa kuwa shi ne kwana uku cikin talatin, farar riga ɗaya, fulas ɗin surukata da launi ya ƙi fita, da jinin da aka ce ya kusa leda guda. Sai Malam Iro, wanda tun ranar Litinin ya bar bencinmu a aji ya koma na baya.