Gwaggo Bay, Wadda Ta Ɗauki Laifin Tukunya

Kafin babura su cika titi, Gwaggo Bay ta riga ta hura gawayi. Haka muka taso muka same ta a lungunmu na Gunduma ta Huɗu, nan birnin Saigon, can bayan ɗan shagon abincinsu. Takan zuba tsakin shinkafa a daro, ta wanke shi da yatsu a hankali, ta jiƙa, ta tsane. Ba ta da kofin awo. Tafin hannu take shimfiɗawa a kan tsakin ta ji ruwan, ta ƙara ko ta rage, sannan ta rufe tukunya ta zauna a 'yar kujerarta tana saurare.

Wanda bai sani ba sai ya ce mene ne abin wahala a dafa shinkafa. To, tsaki ba ya yafe kuskure. Ruwa ya ɗan yi yawa ya zama kunu, ya ɗan gaza ka ji kamar yashi kake taunawa. Na Gwaggo kuwa warara yake fita, ya sha man lawashi da ruwan kifi mai zaƙi, bai caɓe ba.

Ɗanta Khai shi ne a bakin titi yana gasa haƙarƙarin alade, yana fifita hayaƙi ya shiga hancin masu wucewa. Shi baƙi ke ɗauka hoto. Mu 'yan unguwa mun san ba don namansa muke dawowa ba, ya yi haƙuri. Mun ga shekarar da ambaliya ta kai mana ƙwauri, Gwaggo ta ɗora murhu a kan bulo tana dafawa tsaye cikin ruwa. Ɗaliban da suka zo karatu daga ƙauye kuma sun san in wata ya yi nisa farantinsu kan yi tozo, ba tare da an ce da su komai ba.

Amma ba don waɗannan na ɗauki alƙalami ba. Abin da ta yi bara ne ya hana ni yin shiru.

Wuyan hannunta ya fara ciwo, har ta kasa ɗaga murfin tukunya. Likita ya ce ta ajiye aiki ko ta rasa hannun. Shagon nan shi ne cin gidan gaba ɗaya, kuma in tsakin ya lalace shagon ya mutu. Khai in ba gashi ba, ko ruwan zafi ya ɗora sai ya ƙone. Saura matarsa Quyen, mai kwashe kwanuka, 'yar arewacin ƙasarmu daga garin Nam Dinh, inda ba su taso da tsaki ba. Mu kuwa mutanen kudu, bakinmu bai da kyau a kan girkin 'yan arewa.

Babban mai bakin shi ne Kawu Loi, tsohon ɗan acaɓa da ya kafa kujera a shagon tun Khai na rarrafe. Ya ga hannun Gwaggo a ɗaure, sai ya ce da ƙarfi, "Gwaggo, ki lallaɓa mana hannun nan. Ranar da 'yar arewan nan ta taɓa tukunya, ni dai na koma cin burodi." Aka yi dariya. Quyen na tsaye da kwanuka a hannu, ta ji komai.

Da aka tashi, Gwaggo ta kira ta baya. "Daga gobe ke za ki dafa. Ni zan zauna inda na saba zama, ke kuma ki ja bakinki ki yi shiru."

"Inna, in ya ɓaci fa?"

"In ya ɓaci, ni na ɓata."

Ai kuwa ya ɓaci. Washegari Kawu Loi ya ɗaga cokali, tsakin ya biyo shi a dunƙule. "Af! Yau kuma kunu aka koma sayarwa?"

Gwaggo ta fito tana goge hannu kamar yanzu ta sauke. "Tsufa ne, Loi. Kai ma jiya na ga sai da aka tura maka babur."

Aka kwashe da dariya, aka ci haka nan. Sai dai abin bai tsaya a rana ɗaya ba. Yau ya caɓe, gobe ya yi tsatstsauri, jibi ya kama. Kullum Gwaggo ce ke fitowa ta ba da haƙuri. Wasu suka daina zuwa. A kasuwa, da kunnenta ta ji ana cewa hannun Gwaggo Bay ya mutu. Sunan da ta yi shekaru talatin da ɗoriya tana ginawa a bakin wuta ke nan, kuma ni na san ya yi mata ciwo, don ba dutse ba ce.

Quyen ta kasa jurewa. Wata safiya ta fashe da kuka a gaban daro. "Inna, bari in fita in faɗa musu ni ce. Ba zan iya jin ana zaginki a kaina ba."

"Ni za su yi mini uzuri, sun daɗe suna cin abincina," in ji Gwaggo. "Ke ko sau ɗaya ba za su yi miki ba. Share hawayen nan kar ki ƙara mini ruwa a tukunya. Kawo hannunki." Ta ɗora hannunta mai ciwo a kan na surukarta, ta danna shi cikin tsakin. "Kin ji? Nan ne. Gobe ki nemo shi da kanki."

Gwaggo, ke ce kika san mu fiye da yadda muka san kanmu. Kin san da cokali muke cin abinci amma da kunne muke yanke hukunci, shi ya sa kika hana mu jin sunan mai dafawa sai da harshenmu ya gama ba da shaida.

Kafin damina ta ɗauke, tsakin ya daidaita. Kawu Loi da kansa ya riƙa shela a tashar 'yan acaɓa cewa hannun Gwaggo ya dawo, har ya fi na da. Kujeru suka sake cika. Gwaggo ta bar shi ya yi ta yabo har ya ƙoshi.

Sai wata Lahadi da safe, shago cike, ta fito da rigarta ta zuwa biki ta tsaya a tsakiyar tebura. "Jama'a, na ajiye tukunya."

Kawu Loi ya dafe kai. "Shi ke nan, an gama da mu! Yanzu wa zai dafa mana irin wannan?"

"Wannan da kake lashe wa cokali, wa ya dafa?"

"Ke mana!"

"Rabona da tukunya tun farkon damina."

Kawu Loi ya dubi farantinsa, ya dubi ƙofar baya. "To kunun nan da muka yi ta sha fa?"

"Ni ce, Kawu," in ji Quyen daga bakin ƙofa.

Ya juyo ga Gwaggo. "Haba Gwaggo! Kika bari muka yi ta cin mutuncinki a banza?"

"Ka ga ya fito mini a jiki?"

Dattijon ya miƙe. Da hannu biyu ya ɗauki faranti, yadda yaro ke miƙa wa babba, ya kai wa Quyen. "'Yata, ƙaro mini tsaki." Sai da ta karɓa ya ƙara da cewa, "Ruwan kifin dai a ƙara masa sukari, ba a Nam Dinh muke ba." Quyen ta yi dariya da hawaye a fuska, mu ma da yawa muka koma goge ido muna ɗora wa hayaƙin Khai laifi.

Sannu da aiki, Gwaggo Bay, uwar murhu. Mun gode da abincin da kika ciyar da mu, mun fi gode wa abin da kika haɗiye don shagon ya rayu a hannun wata. Masu sana'a da ke karanta wannan, in lokacinku ya yi, kar ku tsaya ga koyarwa kawai. Ku tsaya a gaban mai koyo ku tare masa jifa har ƙafarsa ta yi ƙwari.

Yanzu Gwaggo kan zauna a teburin gaba, a kawo mata faranti kamar kowa. Har yau akwai waɗanda suka gudu lokacin kunu ba su dawo ba, suna can suna cewa hannunta ya lalace a ƙarshe. Na ce da ita zan rubuta gaskiya su karanta. Ta ce, "Rubuta. Amma ka sa musu cewa Quyen na buɗewa da sassafe, kuma tsakin kan ƙare kafin rana ta take."