Ranar da Na Kwashe Randar Gwaggo

Da kalmomin Turanci huɗu na ci abinci shekara da shekaru. Aikin duba-gari na yi a Kankiya, na kama shi lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa, aka raba mana kaki da tocila da keke sabo fil. Takardar da muke yawo da ita layi huɗu gare ta: remove, empty, discard, destroy. Wato a kau da abu, a kwashe abin da ke cikinsa, a yar da shi, a farfasa shi. Babbanmu, wani dogon dattijo mai gashin baki da ya yi aiki da Turawa, shi ya sa muka haddace su kamar karatun allo. Bola a ƙofar gida, layi na ɗaya. Tulu mai 'ya'yan sauro, na biyu. Naman da ya kwana a kasuwa, na uku. Na huɗu kuwa sai abin da ya gagari sauran.

Ba zan ɓoye ba, lokacin kaina ya kumbura. In na kaɗa ƙararrawar keke a bakin unguwa, sai ka ji mata na ta kiciniyar juye tuluna, ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wai shi hukuma!

Wata bazara aka tura mu Yashe, babbanmu ya ce zai bi ni ya ga irin aikina. Gida na biyar a layin da muka fara, gidan gwaggona ne, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun rasuwar uwata. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kirana da komai ba sai Babana.

A ƙuryar ɗakinta akwai randa. Ta uwarta ce, an binne ta har ƙugu cikin rairayi mai laima, an rufe bakin da faifai. Tunda na buɗe ido ban taɓa ganin gindinta ba, don a gidan ba a barin ta ta kai rabi sai an ƙara. Ruwanta in ka kurɓa sai haƙoranka sun amsa. Da azumi maƙwabta har layi suke yi da kwanoninsu gab da shan ruwa.

Na ɗaga faifan, na haska tocila. Ga 'ya'yan sauro nan, uku ko huɗu, suna wutsil-wutsil. Da ni kaɗai ne, wallahi da na kashe tocilar na yi gaba. To, numfashin babbanmu na bisa wuyana.

"Tana juyuwa?" ya tambaye ni.

"Ranka ya daɗe, a binne take."

"To, layi na huɗu ke nan."

Na ce ai ba sai an fasa ba, ni da kaina zan kwashe ta da moda. Ya dube ni, ya dubi tsohuwa, ya ce ya yarda, amma a bar ta a buɗe kwana uku ta bushe ƙayau. Na yi maza na sa alama a layi na biyu, ina jin na yi dabarar da ba a taɓa yi ba.

Na tuɓe rigar kaki na duƙa. Ruwan nan tulu-tulu gwaggo ta ɗauko shi a ka daga rijiyar bayan gari, da bazara, da tsufanta. Ni kuwa ina kamfata ina sheƙawa a tsakar gida, kaji na rububi. Tana zaune a kan 'yar kujerarta, tana kallona har ta ji moda ta fara kartar gindin randar.

"Babana," ta ce, "wagga randa ba ta san ƙishi ba. Rage mata ko moda guda."

Abin da na yi a nan har gobe yana ci mini rai. Maimakon in yi mata magana irin ta ɗa da uwa, sai na ɗaga takarda na nuna mata layin, na karanta mata kalmar da Turanci, don babbanmu ya ji. Matar da ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba! Sannan na sa tsumma na tsane ɗan abin da ya rage a gindin.

Ban damu sosai ba da muka fita, don na san halin mutanenmu. Kowa yana jin ƙarar kekenmu ta yi nisa zai maida ruwansa. Na ɗauka ita ma haka za ta yi.

Ran na huɗu na koma ni kaɗai, da garwa biyu cike a bayan keke. Na tarar da randar a buɗe, faifan a jingine, cikinta ya yi fari fat, rairayin gindinta ya zama gari. Na ce, "Haba Gwaggo, ba ki zuba ba?"

"Mi zan zuba? An ce mini in dogon nan ya dawo ya iske ruwa, kai za a kora."

Na tuttule garwa ta farko, na tuttule ta biyu. Muna tsaye muna kallo, sai rairayin da ke kewaye ya fara yin duhu. Na haska tocila, na ga tsaga siririya kamar gashi, daga gindi har ciki. Kafin la'asar babu ko ɗigo.

Ba abin da ban yi ba. Na kawo maginiya ta duba, ta girgiza kai. Na liƙe da siminti, ruwan ya riƙa ɗanɗanon siminti, kuma bai fasa zurarewa ba. Na sayo sabuwa a kasuwar Kusada, na ɗauko ta a jaki. Gwaggo ta sa mini albarka, ta zuba gero a ciki. Tsohuwar randar kuwa ta hana a tone ta, kullum da safe sai ta share gefenta ta maida faifan. Da azumin shekarar ba wanda ya zo da kwano.

Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Sai dai ranar da na kai sabuwar randar, na zauna a ƙofar ɗaki gumi na tsiyaya, na ce a ba ni ruwa. Ta tashi da kanta, ta wuce ƙuryar ko waiwaye babu, ta ɗebo daga garwar da ke rana. Ta miƙo mini da hannu biyu, kamar yadda ake yi wa baƙo.

"Sha, malam duba-gari," ta ce. "Wanga ba ɗiyan sauro."

Ɗumi gare shi kamar na wankan jariri, ga warin kananzir. Na shanye shi tas.