Allurar da ta tsaya a kitse

Tun ina budurwa a Kaoje nake da jiki. Inna ta raine ni da tuwon shinkafa da man shanu da kifin gulbi, tana jin daɗi idan mata suka ce na cika zane. 'Yan matan cikin littattafan soyayyar da nake saye a kasuwar Bagudo duk sirara ne, amma ban taɓa jin haushinsu ba. Na san nawa masoyin zai zo. Ya kuwa zo, a kwalekwale, da buhunan albasa zai kai Illo.

Ba mu daɗe da aure ba aka gano yana da ciwon hanta, irin wanda mace kan ɗauka a wurin mijinta. Aka ce in yi rigakafi, allura uku. Lokacin shari'ar Musulunci ta kankama, ba macen da ke son buɗe damtse a barandar da maza ke wucewa, sai ma'aikaciya ta riƙa shigar da mu bayan labule tana yi mana a ɗuwawu. Dama mu mun yarda a nan ne allura ke kamawa.

Da aka gwada jinina a Birnin Kebbi, likita ta ce jikina bai amsa ba. Ƙiba, in ji ta, tana rage wa garkuwar jiki kuzarin karɓar rigakafi, ga shi maganin ya tsaya a kitse bai kai tsoka ba.

Inna ta ce in kwaso kayana in dawo gida. Mijina ma, yana kallon ƙasa, ya ce gara ya rasa ni da ya cuce ni.

"Littattafan ga sun ɓata miki kai, ɗiyata," in ji Inna. "So na maganin hanta ne?"

"Inna, ke kika gina jikin ga. Ba shi zai fitar da ni ɗakina ba."

Na koma asibiti, na ɗage hijabi a barandar nan, na miƙa damtse, na ce a ɗauko doguwar allura kamar yadda likita ta faɗa. Masu kallo suka kalla. Ni da mijina muka kiyaye duk abin da aka ce mu kiyaye tsakaninmu, na rage man shanu, ina zaga gonar shinkafa da safe har zufa ta jiƙa ni. Ban rame ba, ban kuma nemi ramewa ba.

A gwaji na biyu likita ta ce wannan karon allura ta kama. Na wuce gidan mijina na ɗora tukunya, sannan na aika a gaya wa Inna.