Hitar Malam Ishiyaku

Malam Ishiyaku, malamin firamare a Madachi, bai yarda akwai aikin da ya gagari mai karatu ba. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ya sayi mota 'yar Beljiyam. Kamar yadda aka saba, wani bakanike a Rano ya cire mata tamostat, ɗan ƙarfen da ke tsare ruwan inji har ya yi zafin da hita ke ɗauka, ya ce na ƙasar ƙanƙara ne.

Da ɗari ya shigo, hita ta riƙa hura masa sanyi, ya ce da hannunsa zai mayar da ƙarfen. Ya dafa shi a tukunyar matarsa Ramlat don ya ga ko yana buɗewa in ya ji zafi.

"Malam, in sa gishiri?" ta tambaya.

Ya yi mata banza. Yau babu sifana, gobe noti ya ɓace. Bai gama ba sai da mangwaro ya nuna.

Amma gyara ya yiwu. Duk wanda ya rage wa hanya a bazarar nan, sai ya ɗage gilashi ya kunna hita, yana sharce gumi yana tambaya, "Ka ji ɗumi kuwa?"